Tsohuwar wayar dish za ta iya kai intanet ƙuryar gida? Abin da muka gano a Gama

Duk wanda ya hau bene a unguwar Gama ya leƙa rufin gidaje, abin da idonsa zai fara cin karo da shi shi ne dish. Wani ya yi tsatsa, wani iska ta karkatar da shi, wani kuma an mayar da shi wurin ɗaura igiyar shanya. Daga jikin kowanne akwai waya baƙa ko fara da ta biyo bango, ta shige ta taga ko ta wani rami da aka huda, ta ƙare a bayan talabijin.

A gidanmu na gado dish huɗu ne a sama. Ɗaya ne kawai ke aiki, na ɗakin Hajiya, wadda ba ta yarda a taɓa mata tashar Harami da Arewa24. Sauran ukun sun yi shekaru ba a kunna dikodarsu ba.

A farkon 2025, da kuɗin data ya tashi, yayanmu ya kawo shawara a daina sayen data kowa da tasa. Aka sayi rawuta ɗaya, kowane sashe yana kawo nasa kason a ƙarshen wata. Aka ajiye ta a ɗakin saman shago, domin nan ne sabis ya fi ƙarfi. Wata biyu ba a yi ba rigima ta tashi. Na gaba suna kallon bidiyo babu tsaiko, na ƙurya kuwa ko saƙon murya ba ya tafiya. 'Yar yayana mai shirin jarrabawar JAMB sai ta zauna a matakalar bene da daddare sauro yana cizonta. Matar ƙanena, wadda ke sayar da turaren wuta ta WhatsApp, ta fito fili ta ce: "Yaya, ni fa ba zan ƙara biyan kuɗin abin da sai na fito tsakar gida nake ganinsa ba."

A nan ne tambayar ta zo mini. Ga wayoyi uku kwance a bango, kowacce ta riga ta shiga ɗaki. Me zai hana su ɗauki intanet maimakon hoton talabijin?

Amsar a taƙaice: za su iya. Amma a yawancin gidajen Gama, ba ita ce hanya mafi sauƙi ba. Ga dalili.

Me ya kawo maganar yanzu?

Abubuwa biyu ne suka haɗu a lokaci guda.

Na farko, tsadar data. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Hukumar ta ce tun 2013 ba a taɓa farashin ba, kuma kamfanonin sun nemi fiye da kashi 100 ne. Ga magidanci mai mutum goma a gida, kowa da wayarsa, wannan ƙari ba ƙaramin nauyi ba ne. Shi ya sa haɗa kuɗi a sayi rawuta ɗaya ya zama dabara. Zaɓin ma ya ƙaru: Kano na cikin birane bakwai da MTN ya sanar zai fara 5G a cikinsu a 2022, sannan a Janairun 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, ƙasa ta farko a Afirka.

Na biyu, mutane suna barin talabijin na biya. Kamfanin MultiChoice, mai DStv da GOtv, ya bayyana cewa ya rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu zuwa Maris ɗin 2025. A wannan watan ne kuma ya ƙara farashi, inda tsarin Compact ya tashi daga naira 15,700 zuwa 19,000, Premium kuma daga 37,000 zuwa 44,500. A ɓangaren Kannywood ma kallo ya koma waya. Fim mai dogon zango irin Labarina na Aminu Saira, da aka san shi a Arewa24, yanzu jama'a da dama a YouTube suke bibiyarsa.

Ke nan a gida ɗaya, wayar dish ta rasa aikin yi, intanet kuma ya rasa hanyar shiga ɗaki.

Inda sabis yake mutuwa

Mutane da yawa suna ɗora wa kamfanin waya laifin da ba nasa ba ne. Intanet kan iso gida lafiya, sai ya mutu tsakanin falo da uwar ɗaka.

Wi-Fi igiyar rediyo ce mai rauni. Rawutocin gida suna aiki ne a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Na farkon ya fi nisa amma bai kai na biyun sauri ba, kuma cunkoso ya yi masa yawa. Na biyun yana da sauri amma bango yana saurin kashe shi. Bulon siminti yana rage masa ƙarfi. Rufin kankare mai rodi a ciki ya fi bulo illa. Ƙofar ƙarfe da kwanon rufi da tankin ruwa duk shinge ne.

Yanzu dubi yadda gidajenmu suke. Gama ɗaya ce daga mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Nassarawa, wadda ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kusan 600,000. Unguwa ce mai cunkoso, kamar maƙwabtanta Gwagwarwa da Tudun Murtala da Kaura Goje. Gida yakan fara da soro ko shago a gaba, sai dogon lungu, sai tsakar gida, sai sassa a jere zuwa ƙurya. Ba a zana shi lokaci guda ba. Duk ɗan da ya yi aure a yanka masa ɗaki da falo. Kafin sigina ta tashi daga gaba ta kai baya, ta ratsa bango biyar ko shida. Ga kuma rawutocin maƙwabta, bango da bango, kowacce tana ihu a zango ɗaya.

Abin da aka fi saya don magance wannan shi ne ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a soket ta maimaita sigina. Tana taimakawa, amma tana da iyaka. Irin mai arahar da rediyo ɗaya take karɓa kuma take aikawa, don haka saurin yakan ragu da kusan rabi. Idan kuma abin da ya iso mata mai rauni ne, raunin za ta maimaita.

Magani na dindindin shi ne waya. A ja waya daga babbar rawuta zuwa ƙurya, a ɗora wata rawutar a can ta watsa sabon Wi-Fi. Tambayar ita ce: wace waya?

Yadda fasahar take aiki

Wayar dish, wadda masana ke kira coaxial, ba baƙuwa ba ce a harkar kwamfuta. Wani masani ɗan Ingila, Oliver Heaviside, ya yi rajistar ƙirarta tun 1880. Ethernet ma, wato tsarin haɗa kwamfutoci da waya da aka ƙirƙiro a cibiyar bincike ta Xerox a Amurka a 1973, da irin wannan waya ya fara tafiya kafin a koma wayar da muke gani yau a ofisoshi.

Idan ka yanka ta za ka ga sili ɗaya a tsakiya, sai farar roba, sai takardar alminiyam da saƙar ƙarfe da suka lulluɓe ta, sai rigar waje. Wannan lulluɓi shi ke hana sigina fita, ya kuma hana hayaniyar waje shiga. Shi ya sa take iya ɗaukar kaya mai yawa.

A 2004 wasu kamfanoni suka kafa ƙawance mai suna MoCA don fitar da ƙa'idar tura intanet ta wayar talabijin da ke cikin gida. Tsarin MoCA 2.5 da aka fitar a 2016 yana iya kaiwa gigabit 2.5 a daƙiƙa, kuma na'urori har 16 za su iya zama a kan layi ɗaya. Akwai wata ƙa'idar, G.hn, ta Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, wadda ita ma tana da nau'in da ke bin wayar dish.

A aikace abin ba wuya. Adafta biyu ake buƙata, kowacce ba ta wuce girman sabulun wanka ba. Ta farko a kusa da rawuta: gajeriyar wayar Ethernet ta shiga ta gefe ɗaya, wayar dish ta fita ta ɗaya gefen. Ta biyu a ɗakin da ake so: wayar dish ta shiga, Ethernet ta fito zuwa talabijin ko kwamfuta ko rawuta ta biyu. Babu fasa bango, babu sabon rami.

A takarda ke nan. A Gama akwai tarko huɗu.

Tarko na farko: zango ɗaya, masu magana biyu

Kowa ya san Freedom tana kan 99.5, Arewa Radio tana kan 93.1. Da za a ɗora su a lamba ɗaya, babu wadda za a ji. Haka abin yake a cikin waya.

Siginar da ke saukowa daga LNB, wato ɗan kan da ke gaban dish, tana bin zangon 950 zuwa 2150 MHz. Yawancin adaftocin MoCA da ake sayarwa kuwa an yi su ne don gidajen Amurka masu talabijin na kebul, kuma suna aiki tsakanin 1125 da 1675 MHz. Wato a tsakiyar hanyar dish. Idan aka haɗa su a waya ɗaya, ko hoto ya ɗauke, ko intanet ya ƙi tafiya, ko duka biyun.

Ma'ana, wayar da dish ɗinta ke aiki ba ta cikin lissafi da irin waɗannan adaftoci. A gidanmu ta Hajiya ta fita ke nan.

Eriyar GOtv da ta StarTimes daban ce. Su tashoshin ƙasa ne, siginarsu tana ƙasa da 862 MHz, don haka za su iya zama da MoCA a waya ɗaya. Sai dai dole a sa ɗan matacin da ake kira filta a bakin eriyar, don kada siginar gidanka ta bi eriya ta fita waje.

Akwai adaftocin da ke aiki a ƙasan zangon dish. G.hn na wayar dish ba ya wuce 200 MHz. Kamfanin DirecTV na Amurka ma yana da nasa, DECA, mai aiki tsakanin 475 da 625 MHz, da saurin kusan megabit 100. Amma shi kuma ya faɗa cikin zangon eriyar ƙasa. Darasin shi ne, kada ka sayi adafta sai ka karanta lambobin da ke jikin kwalinta, ka kuma san abin da ke tafiya a wayarka.

Tarko na biyu: wayoyinmu ba su san juna ba

A gidajen Amurka da aka ƙera MoCA dominsu, waya ɗaya ce ke shigowa daga titi, ta shiga na'urar raba layi, ta watsu ɗaki-ɗaki. Duk ɗakunan a haɗe suke tun asali.

Mu ba haka muka yi ba. Kowane sashe ya kira nasa mai haɗa dish a shekara daban, aka kafa masa nasa, aka ja masa waya kai tsaye. Wayar ɗakin gaba da ta ƙurya ba su taɓa haɗuwa ba, sai dai su yi maƙwabtaka a kan kwano.

Gyaran yana yiwuwa. A hau sama a kwance wayoyin biyu daga LNB, a haɗa bakinsu da ɗan ƙarfen haɗi mai zare, a naɗe shi sosai don kada ruwa ya shiga. Idan uku ne ko fiye, sai a sa na'urar raba layi wadda lambar jikinta ta kai aƙalla 1675 MHz. Tsofaffin da aka rubuta wa 5 zuwa 1000 MHz suna rage ƙarfin sigina. Haka kuma makunnin DiSEqC da ake sawa don kama tauraro fiye da ɗaya, da busta mai ƙara ƙarfin eriya, dole a cire su daga hanya. A ɗaki kuma a zare dikoda gaba ɗaya, domin tana tura wuta mai ƙarfin bolt 13 ko 18 cikin wayar don kunna LNB.

Idan dish ɗin biyu suna nesa da juna a kan rufi, sai an sayo ƙarin waya. Daga nan batun "ba sai an ja sabuwa ba" ya fara rushewa.

Tarko na uku: lafiyar wayar kanta

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba su ce da tsohuwar waya ba.

Wayar da ta dace ita ce RG6. RG59, wadda aka fi sawa a tsofaffin kyamarorin CCTV, ta fi siranta kuma ta fi zubar da sigina idan tafiya ta yi nisa. Ko a RG6 ɗin akwai mai kyau akwai ta jeka-na-yi-ka, wadda saƙar jikinta 'yan silla ne ƙalilan.

Sannan ga yanayin Kano. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kwanon rufi kuma ya fi haka zafi. Rigar wayar takan bushe ta tsage. Damina ta zo, ruwa ya shiga, saƙar ta yi tsatsa. Wani wurin ɓera ya ci, wani wurin an yanke an murɗa da hannu an naɗe da salatif. Da muka sa mai haɗa dish na unguwarmu ya duba namu ukun, ɗaya ce kaɗai ya ce zai iya tsaya mata. Ɗaya ta ruɓe a baki, ɗaya kuma ta tsinke tun lokacin da aka sake rufin kicin, babu wanda ya lura.

Tarko na huɗu: wuta da tsawa

Kowace adafta tana buƙatar wutarta. Ba ta ci da yawa, 'yan wat kaɗan ne, amma idan ɗaya ta mutu layin ya mutu. A unguwar da wutar KEDCO ke zuwa tana tafiya, wannan lissafi ne. Ba mu manta Oktoban 2024 ba, lokacin da Kano da yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Idan sashen gaba yana da sola, na ƙurya ba shi da ita, to sai an tanadi ƙaramin batir a can don adafta da rawuta ta biyu.

Matsalar wutar ce ma ta sa ɗaya dabarar, wato tura intanet ta wayar lantarkin gida, ba ta cika dacewa da mu ba. Tana son soket biyun su kasance a layin wuta ɗaya. A gidan da kowane sashe ke da mitarsa, wani yana kan inbata, wani kan janareta, ba za a dogara da ita ba.

Tsawa kuma ba abin wasa ba ce. Wayar da ke kan rufi, in babu kariya, hanya ce da za ta iya kawo wa rawuta da talabijin ajalinsu a dare ɗaya. Duk wanda zai bi ta sama ya nemi ƙwararren da zai sa kariyar tsawa ya kuma haɗa ta da ƙasa. Idan hadari ya haɗo da walƙiya, zare wayar ya fi.

Lissafin aljihu

A nan ne magana ta ƙare a gidanmu.

Adafta biyu na MoCA 2.5 sukan haura dala 100 a kasuwar Amurka. Kafin Yunin 2023, lokacin da dala take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, da wani zai iya rufe ido ya saya. A canjin naira 1,500, kuɗin ya wuce 150,000 tun kafin kuɗin dako. Kuma ba kaya ba ne da aka saba gani a kowane shago kamar dikoda ko MiFi. Idan ɗaya ta ƙone, jiran wata daga waje za a yi.

Wayar Ethernet, irin su Cat5e da Cat6, tana ɗaukar gigabit ɗaya har tsawon mita 100 ba tare da wata adafta ba, ba ta kuma buƙatar wuta. Da wuya ka samu gida a Gama da tsawonsa ya kai mita 100. Ana samunta a Sabon Gari da titin Beirut da Farm Centre, ana kuma yanka wa mutum iya abin da yake so.

Babban dalilin da ya sa Ba'amurke yake sayen MoCA shi ne wayoyinsa a binne suke cikin bango, kuma kuɗin ma'aikaci ya fi kuɗin na'ura. Mu namu akasin haka ne. Wayoyinmu a fili suke, an kafe su da kilif a jikin bango. Na'ura ce mai tsada, aikin hannu kuwa da dama-dama. Abin da ya zama rahama a can, a nan zai iya zama sayen doki don zuwa maƙwabta.

To wa ya kamata ya gwada?

Akwai waɗanda dabarar ta dace da su.

Na farko, masu gidajen bene irin na Nassarawa GRA da Bompai, inda aka binne wayar talabijin cikin fayif tun lokacin gini, kowane ɗaki da soket ɗinsa, duka kuma suka haɗu a wuri ɗaya. Fasa tayil da POP don jan sabuwar waya ya fi kuɗin adafta nesa ba kusa ba. Ko a nan ma a fara gwada zaro tsohuwar a ja sabuwa a fayif ɗin. In ya ƙi, sai adafta.

Na biyu, otal-otal da gidajen baƙi da ɗakunan kwanan ɗalibai da asibitoci masu zaman kansu, waɗanda aka riga aka ja wa wayar talabijin ɗaki-ɗaki, kuma ba za a iya rufe su don aiki ba.

Na uku, ɗan haya da mai gida ya hana shi huda bango.

Na huɗu, mai shago ko makaranta da ke da tsohuwar wayar CCTV yana son komawa kyamarorin zamani masu aiki da intanet. Akwai adaftocin da aka yi musamman don wannan, kuma masu sayar da kayan CCTV ne ya kamata a fara tambaya.

Wanda ba ya cikin waɗannan, ya ja Cat6. Ya tabbatar ta tagulla ce zalla, ba alminiyam da aka shafa wa tagulla ba. Inda za ta bi rana ya sa ta cikin fayif ko ya sayi wadda aka yi don waje. Araha ba ta ado.

Abin da waya ba za ta gyara ba

Ko wace waya aka ja, ba za ta ƙara saurin da kamfani ya ba ka ba. Idan megabit 10 ke shigowa gidan, megabit 10 za a raba. Aikinta kawai ta kai shi inda ba ya zuwa.

Kuma da zarar ya isa ko'ina, data za ta fi saurin ƙarewa. Netflix da kansa ya ce kallon awa ɗaya mai hoto garau kan ci har gigabayit 3. Tsare-tsare da dama da ake tallatawa da sunan "ba iyaka" suna da ƙa'idar rage sauri idan an kai wani adadi. A karanta sharaɗin kafin a tara kuɗin mutane.

Akwai batun doka. Raba intanet tsakanin 'yan gida ɗaya daban, jan waya ta kan katanga ana sayar wa maƙwabta daban. Dokar Sadarwa ta 2003 ta tanadi cewa sai da lasisin NCC ake sana'ar samar da sadarwa.

Akwai kuma batun tarbiyya, wanda iyaye suka fi mu sani. Lokacin da sabis yake tsakar gida kaɗai, kowa yana ganin wanda ke riƙe da waya da ƙarfe ɗayan dare. Idan ya shiga kowane ɗaki, wannan idon ya tafi. Yawancin rawutoci suna da wurin sa lokacin kashewa da hana wasu wayoyi shiga. A koyi amfani da shi tun ranar farko, a kuma canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita.

Mita talatin ɗin ƙarshe

Wannan ƙaramar matsala ta cikin gida tana nuna wani giɓi a manyan tsare-tsaren ƙasa.

Shirin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025, da aka ƙaddamar zamanin minista Isa Ali Pantami, ya sa burin kaiwa kashi 70 cikin 100. Alƙaluman NCC na 2025 sun nuna ana kusan rabi ne. Minista mai ci, Bosun Tijani, yana jagorantar shirin shimfiɗa wayar fayiba mai tsawon kilomita 90,000. A 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa.

Duk waɗannan suna magana ne kan yadda intanet zai iso bakin ƙofa. Daga ƙofa zuwa ɗakin yarinyar da za ta rubuta JAMB a kwamfuta, an bar wa magidanci da ƙaddararsa. Alhali a nan ne mai amfani yake yanke hukuncin ko abin da ya biya ya yi aiki.

Abu biyu za su taimaka, kuma ba sa buƙatar bashin Bankin Duniya.

Na farko, masu gini. Duk mai zuba sabon gini yau ya sa fayif ɗin wayar intanet zuwa kowane sashe, kamar yadda yake sa na wuta. Kafin filasta kuɗin kaɗan ne. Bayan fenti ya zama aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, da ƙungiyoyin injiniyoyi da masu aikin wayarin suna da rawar takawa wajen mayar da wannan al'ada.

Na biyu, masu haɗa dish. Akwai matasa da yawa a Kano da wannan ce sana'arsu, kuma kasuwarta tana ja baya. Sun iya hawa rufi, sun iya jan waya, sun san kowane lungu, kuma magidanta sun yarda su shiga musu gida. Abin da ya rage musu kaɗan ne: matse kan wayar Ethernet, saita rawuta ta biyu, gwada layi, kariyar tsawa. Horon 'yan makonni a Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano ko cibiyoyin koyon sana'a zai iya mayar da mai haɗa dish mai haɗa intanet. Idan ba a yi ba, sana'ar za ta bi sahun gyaran kaset.

Yadda muka ƙare

A gidanmu ba mu sayi adafta ba. Mai haɗa dish ɗin ya zare wayar da ta ruɓe, ya bi sawunta da Cat6, ta ramin da aka huda shekaru goma da suka wuce, a kan layin kilif ɗin da ta bari. Wani yaro mai gyaran kwamfuta ya matse kawunan, ya saita wata tsohuwar rawuta da ke ajiye a durowa. Kafin la'asar an gama.

Tsohuwar wayar ba ta ɗauki intanet ba, amma ita ta nuna hanyar da za a bi.

Matar ƙanena ta biya kason watan har da na baya. 'Yar yayana ta koma karatu a ɗakinsu. Hajiya kuwa, da ta ga mutum a kan rufi, abu ɗaya ta leƙo ta faɗa: "Kai, ɗan nan, kowacce za ka cire ka cire, amma ka bar mini tawa."

An bar mata.